Gubar da ɗan shirwa ke gada tun yana cikin ƙwai

A gidanmu na Tudun Wada, in ka ji Goggo ta ƙwala ihu da hantsi tana buga murfin kwano, ba sai ka tambaya ba, shirwa ce ta kawo sura. Kaza ta baje fuka-fuki, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin turmi, mu yara mu fito da duwatsu muna jifan sama. Galibi dai shirwar ce ke tafiya da rabonta. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ce wa Goggo ina rubutu a kan lafiyar 'ya'yan shirwa da na shaho, ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai ɗan nan, aikin yi ka rasa? Ɓarauniyar tsaki za ka yi wa jaje? Su mutu mana, kajina su huta."

Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Abin da ke cin ɗan shirwa a sheƙa yana nan cikin ƙwan kazarki."

Ta ce in kawo hujja. To, hujjar tana da ɗan tsawo.

Guba iri biyu ce, kuma mu ɗaya muka sani. Mun san mai kisa nan take: fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki saboda sauro, ko maganin da jirgi ke fesa wa tsuntsaye jan-baki a gonakin shinkafa da gero na Kebbi da Jigawa da Yobe. Irin wannan, tsuntsu ya ci ya faɗi, kowa ya gani. Shaho ma in ya ci jan-bakin da feshi ya kayar yakan bi sahu. Sai dai rana da ruwa suna karya ƙarfinta, bayan kwanaki ko makonni ta gushe. Ɗaya gubar kuwa ba ta da gaggawa. Rana ba ta lalata ta, damina ba ta wanke ta, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da mushe sun gaza da ita. Maganin ƙwarin nan DDT na iya yin shekara 10 ko fiye a ƙasar gona kafin rabinsa ya gushe. Ga ta kuma da wani mugun hali: ba ta narkewa a ruwa, kitse take so. Abin da ke narkewa a ruwa jiki na fitar da shi ta fitsari, amma wanda ya shige kitse ya samu wurin zama.

Hanya mafi sauƙi ta gane yadda take taruwa ita ce adashi. Gansakuka da ƙananan halittun ruwa kowa na ɗauke da ɗan ƙwarya-ƙwaryan zubi, wanda ko na'ura da ƙyar take gani. Ƙaramin kifi ya ci dubbansu, ya haɗa zubinsu a kitsensa. Tarwaɗa ta ci ɗaruruwan ƙananan kifaye, ta haɗa nasu. Tsuntsun da ke cin tarwaɗa shi ke kwasar adashin gaba ɗaya, kuma kwasa ce ta kullum har ƙarshen rayuwarsa. An ga wannan ƙuru-ƙuru a wani tafki na jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka zuba wani ɗan'uwan DDT a 1949 da 1954 da 1957 don kashe ƙananan ƙudaje. Abin da aka zuba bai wuce kashi 1 cikin miliyan 50 na ruwan ba. Da tsuntsayen da ke cin kifin tafkin suka fara mutuwa aka auna kitsensu, sai aka tarar gubar ta ninka ta ruwan har kusan sau 80,000. Shaho da mikiya da gaggafa da mujiya duk a irin wannan matsayi suke. Babu mai cin su, su ke cin kowa, don haka su ke kwasa.

Babban tsuntsu na iya yawo da wannan kaya shekara da shekaru, ka gan shi garau. Inda asiri ke tonuwa shi ne wajen haihuwa. Gwaiduwar ƙwai kitse ce da furotin, kuma daga jikin uwa ake ɗebo su. Duk abin da ta tara tun tana budurwa, wani kaso nasa na bin kitsen ya shiga gwaiduwa. Ita ta rage kaya, ɗan da ko ido bai buɗe ba ya karɓa. Gadon farko ke nan da ɗan shirwa ke ci, tun uwarsa na raye.

Labarin yadda aka gano haka ya cancanci a tsaya a kansa. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano a 1939 cewa DDT na kashe ƙwari, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Kuma a faɗi gaskiya, maganin ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa daga zazzaɓin cizon sauro da cutar da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Amma bayan yaƙin duniya na biyu, da aka sake shi a gonaki, sai masu lura da tsuntsaye a Ingila suka riƙa tarar da fasassun ƙwai a sheƙar shaho. Wani mai suna Derek Ratcliffe ya yi dabarar da har yau take burge ni. Turawa suna da al'adar tara ƙwan tsuntsaye, a huda a tsiyaye a ajiye ɓawon tare da rubuta shekarar da aka ɗauko. Sai ya bi gidajen tarihi da gidajen masu tarawa yana auna nauyin ɓawo ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya wallafa a 1967 ya nuna ɓawon yana nan yadda yake tun farkon ƙarni, sai daga 1946 zuwa 1947 ya yi sirara farat ɗaya, da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Daidai lokacin da DDT ya shiga gonaki.

Mai kiwon kajin ƙwai a Mando ko Maraban Rido zai fi kowa fahimtar wannan. Ya san in kaza ta rasa garin ƙashi da farar ƙasa a abinci takan saka ƙwai mai laushin ɓawo. Ita shahon da ta ci guba ba kalsiyam ta rasa ba, yana nan a jininta. DDT in ya shiga jiki yakan rikiɗe ya zama DDE, shi kuma ya toshe aikin sashen mahaifar da ke shafa wa ƙwai ɓawo. Uwa ta hau kwanci kamar yadda Allah Ya hore mata, nauyinta ya fasa ƙwan. Wanda bai fashe ba kuma danshinsa ya riƙa tsiyayewa ta siririn ɓawo har ɗan ciki ya bushe. Wani abin lura: kaza ba ta cika jin wannan illa ba, tana iya cin DDT da dama ɓawonta bai canza sosai ba. Masu kare maganin sun daɗe suna kafa hujja da haka, sai da aka ciyar da ƙananan shaho da maganin a keji aka ga ɓawon nasu ya sirance sannan gardama ta yi sauƙi. A 1963 mikiya mai farin kai, wadda ke jikin tambarin Amurka, ta ragu zuwa ma'aurata 417 kacal a jihohi 48 na ƙasar. An hana DDT a can a 1972, shekara goma bayan littafin Rachel Carson a kan illar magungunan ƙwari da ya tayar da ƙura, kuma sai a 2007 aka cire mikiyar daga jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Shekara 35 ke nan ana jinyar ɓarnar da aka yi cikin ƙasa da shekara 30. A nan Afirka ma, a tafkin Kariba na Zimbabuwe, an samu DDE da siraran ɓawo a ƙwan mikiya mai kamun kifi, bayan feshin da aka yi ta yi don ƙudan tsando da sauro da gonaki.

To a ce ƙwan ya tsira, ya ƙyanƙyashe. A nan ne maganar ta fi zurfi, don yanzu ba fashewar da ido ke gani ake magana ba.

Shirwa na saka ƙwai biyu ko uku, ta yi kwancin kimanin wata guda, kuma cikin mako shida zuwa bakwai ɗan da ya fito kamar curin auduga ya kai girman uwarsa ya tashi. Duk ginin jiki, ƙashi da jijiya da ƙwaƙwalwa da gashin fiffike, cikin wannan ɗan taƙin ake yin sa. Mai ba da umarnin wannan gini wasu sinadarai ne da jiki ke fitarwa kaɗan-kaɗan, musamman na halittar nan ta maƙogwaro da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura a mutum muke cewa maƙoƙo. Ita ke tsara saurin girma, da fitowar gashi, da yadda ɗan tsuntsu zai fara riƙe ɗumin jikinsa ba sai uwa ta rufe shi ba. Sinadaran PCB, wato man tsofaffin taransifoma, da na hana kaya kama wuta sun yi kama da sinadarin tayirod a siffa, sai su hau motar da ke ɗaukarsa a cikin jini su bar shi a tasha. An gwada a Kanada da ƙananan shaho na keji, aka ba su maganin hana kama wuta daidai gwargwadon abin da ake samu a daji, aka ga sinadarin tayirod da bitamin A sun canza a jikinsu, iyaye kuma suna jinkirin saka ƙwai, ƙyanƙyasa ta ragu.

Sai garkuwar jiki. Duk mai kaji ya san Gumboro, cutar da ke cin wata 'yar jaka a kusa da duburar tsako, inda ake horar da sojojin jini. In jakar ta lalace, ko an yi rigakafi ba ya kamawa, kowace ƙaramar cuta sai ta kayar da shi. Dayoksin, gubar da ƙona leda da roba ke haifarwa, da wasu nau'o'in PCB suna ƙanƙantar da wannan jaka ɗin ba tare da wata ƙwayar cuta ba. Ɗan shaho mai irin wannan rauni ba gubar ce za a ce ta kashe shi ba. Tsutsar ciki ce, ko ƙwarƙwata, ko sanyin hunturu na dare biyu. In gubar ta yi yawa kuma akan ga abin da ya fi haka muni: a yankin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada an sha samun 'ya'yan tsuntsaye masu cin kifi, har da na mikiya, da baki a harɗe kamar almakashi, ba sa iya yagar nama, wasu kuma ciki cike da ruwa sun mutu a cikin ƙwai.

Akwai wani tarko da na daɗe ina juya shi a raina. Muddin ɗan tsuntsu na samun abinci yana ƙiba, gubar na kwance a kitse, girman jiki ma na tsarma ta. Ranar da yunwa ta zo jiki ya fara ƙona kitse, sai ta kwance ta shiga jini, ta nufi hanta da ƙwaƙwalwa. Yunwa kuwa ba ta da makawa a rayuwarsu. Ƙwan shaho ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba, don haka akwai babba akwai auta, kuma in abinci ya yi ƙaranci babba ke wawashewa. Auta ya rame, ramar ta saki guba, gubar ta hana shi ƙarfin ɗaga kai ya karɓi loma. Wanda ya tashi daga sheƙa ma yana da nasa zangon wahala, makonnin da iyaye suka daina ciyar da shi shi kuma bai ƙware a farauta ba. Ko babu guba, da yawa daga 'ya'yan tsuntsaye masu farauta ba sa cika shekara. Wanda idonsa ko fiffikensa ya samu ɗan naƙasu kaɗan, sura ɗaya cikin goma da zai ƙara kuskurewa ta ishe shi.

Wani zai ce wannan ai labarin Turai da Amurka ne. Bari mu dawo gida.

A 1954 aka fara gwajin yaƙi da sauro a yankin Birnin Kebbi da DDT da wani maganin ƙwari mai suna diyaldirin da wani ɗan'uwansu, kuma a nan ne aka fara ganin sauron maleriya na Afirka ya daina jin diyaldirin. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 an yi gagarumin feshin DDT da diyaldirin a kurmin bakin rafuka a Arewa don kawar da ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore, an buɗe wa makiyaya ƙasa mai faɗi da wannan aiki. Gonakin auduga na ƙasar Zazzau da Funtuwa sun sha nasu feshin. Gamalin kuwa, wanda aka kawo don koko da sauran amfanin gona, kowa ya san yadda wasu suka mayar da shi abin kamun kifi, a zuba a kududdufi kifi ya taso ciki sama a kwashe a kai kasuwa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Stockholm ta yaƙi da guba mai naci a 2004, wadda ta fara da sinadarai 12 da aka yi ittifaƙin sun fi kowanne naci, daga baya aka ƙara sinadarin da ke cikin Gamalin a 2009. Hukumar NAFDAC ma ta haramta da yawa daga irin waɗannan magunguna. Amma doka tana hana sabon zubi ne kawai. Wanda ya riga ya kwanta a laka, takarda ba ta tono shi.

PCB kuma mai ne da aka fara sarrafawa a 1929, ba ya kama wuta da wuri, shi ya sa aka cika tsofaffin taransifoma da shi a duniya baki ɗaya. Wani masani a ƙasar Suwidin, Sören Jensen, shi ya fara gano shi a jikin halittun daji a 1966, kuma cikin abin da ya auna har da gawar mikiyar teku. Mu nan mun fara jin sunansa sosai a 1988, lokacin da aka jibge dubban gangunan sharar guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. Yarjejeniyar Stockholm ta sa 2025 a matsayin shekarar daina amfani da na'urori masu PCB, 2028 kuma a gama zubar da su ta hanyar da ta dace. Duk lokacin da na wuce tsohuwar taransifoma tana ɗigar mai a gindinta, ƙasa ta yi baƙi, kaji na tono a gefe, sai in tuna abin da ya faru a Beljiyam a 1999. Man da ke da PCB ya gauraya da kitsen da ake haɗa abincin dabbobi, kuma kaji ne suka fara tona asiri, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa, tsaki na mutuwa. Kazar da ta jure DDT ba ta jure wannan ba.

Sai wadda muke ƙerawa da hannunmu kullum ba tare da wani kamfani ba. Dayoksin ba a sayar da shi a kasuwa, hayaƙi ke haifar da shi. In aka cinna wa bola wuta da leda da roba a ciki, in yaran bola-jari suka ƙona wayar lantarki don su fitar da jan ƙarfe, in aka ƙona tsohuwar talabijin ko kwamfuta, tokar da ta sauka tana ɗauke da shi, tare da dalma da maganin hana kama wuta da ke jikin robar. Babbakar kai da ƙafa da tsohuwar taya ma tana barin nata baƙin sinadaran a fata da ƙasa. Ban ga laifin yaron da ke neman na tuwo ba, shi ne ma farkon mai shaƙa. A Agbogbloshie ta birnin Akara, inda aka shahara da ƙona kayan lantarki, an auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin a wani bincike da aka wallafa a 2019, aka tarar ƙwai ɗaya tak ya ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya jurewa na dayoksin a rana har sau 220. Yanzu ka tambayi kanka, ina shirwar Kaduna ke yini? A kan bola, da mayanka, da bakin kogi inda magudanun Kakuri da Makera ke shiga bayan sun ratso unguwar masaƙu, wadda ta fara aiki tun 1957. Har sheƙarta da tsumma da leda take shimfiɗe ta. Ɓeran bola da ƙadangaren bola da hanjin kaza su take kai wa 'ya'yanta.

Dalma da zaiba ba a ma maganar ruɓewarsu, ƙarfe ne, yadda suke haka za su dawwama. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare da ake daka wa a cikin gida. Manya sun shaƙi ƙurar nan, amma yara ne suka mutu, domin jiki mai girma yana ɗaukar dalma a zaton kalsiyam ne ya kai ta ƙashi da ƙwaƙwalwa. Haka take yi wa ɗan tsuntsu, ta kuma hana jini ƙeruwa. Cikin tsuntsu mai farauta yana da tsami ƙwarai, har ƙashi yake narkarwa, don haka ɗan harsashin da ya maƙale a jikin zabo ko kurciyar da maharbi ya raunata ta tsere yakan narke ya shiga jini. Wata katuwar ungulu ta Kalifoniya saura 27 ta rage a duniya a 1987, aka kame su duka aka kiwata, kuma har yau dalmar harsashi ce babbar mai kashe waɗanda aka saki. Zaiba kuma, wadda masu haƙar zinare ke kama gwal da ita, in ta shiga laka takan rikiɗe ta zama nau'in da ke taruwa a naman kifi. Ana haƙar zinare a Birnin Gwari, kuma ruwa ba ya tsayawa inda aka zuba masa abu.

A nan ya kamata in ja birki, don kada a ɗora wa guba laifin da ba nata ba. Wanda ya girma a Kaduna ya san a da ungulu cike take a mayanka da kan rufin kasuwa, har ana cewa ba ta jewar banza. Yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba, kuma tun 2015 aka sa ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Babban abin da ya cinye ta a Najeriya ba gubar laka ba ce. Kamu ne, ana sayar da kai da ƙafa da ƙwai ga masu tsubbu, wasu ma su ci naman, ga sare manyan itatuwan da take sheƙa. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya take sakawa a shekara ba ta jure irin wannan ɗiba. Wani nazari da aka wallafa a 2024 a kan nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta a dazukan Afirka ya nuna kusan tara cikin goma suna raguwa, kuma Afirka ta Yamma ta fi ko'ina muni. Dalilan suna da yawa: gona ta cinye daji, wayar lantarki na kashewa, ana sa wa mushe guba. Guba mai naci ƙari ce a kan waɗannan. Abin da ya sa take da haɗari shi ne tana rage 'ya'yan da za su maye gurbin waɗanda sauran dalilan suka kashe, kuma ba ta barin gawa a fili. Sai dai wata shekara a waiwaya a ce, wai ina shahon da ke kan rimin nan?

Mujiya ta fi ba ni tausayi, don ba ta da mai kare ta, an riga an yanke mata hukuncin maita. Alhali ma'aurata ɗaya da 'ya'yansu suna cinye ɓeraye sama da dubu a shekara, har a Malesiya manoman kwakwar manja ke kafa mata akwatuna ta yi sheƙa a gona. Maganin ɓera na zamani, wanda ke hana jini daskarewa, ba ya kisa sai bayan kwana uku zuwa bakwai. A waɗannan kwanaki ɓeran na yawo a sanyaye, shi ya fi sauƙin kamu, shi uwar mujiya za ta kai wa 'ya'yanta. Maganin na zama a hanta watanni, kowane ɓera na ƙara nasa. A Birtaniya mafi yawan gawarwakin mujiyar rumbu da ake aunawa ana samun sa a hantarsu. Mai rumbu ya sa magani don ɓera, maganin ya kashe mai kama masa ɓera kyauta, baɗi ya ƙara sayen magani.

Me ya sa masana suka fi damuwa da 'ya'yan da ke sheƙa fiye da iyaye? Saboda babban tsuntsu matafiyi ne. Shirwarmu na sheƙa da rani, damina ta yi ta bi fara da shinge ta yi arewa. Wasu shahuna daga Turai suke zuwa su yi hunturu a fadamar Haɗeja da Nguru. In ka samu guba a jinin irin wannan, ba ka san a wace ƙasa ya kwaso ta ba. Ɗan da ke sheƙa kuwa bai taɓa zuwa ko'ina ba. Abin da ke jikinsa daga ƙwai yake, ko daga abincin da aka farauto a 'yan kilomitocin da ke kewaye da bishiyar. Shaida ne da ba ya ƙarya a kan unguwarsa. A arewacin Norwe masu bincike na hawa duwatsu su kai ga sheƙar mikiyar teku, su ɗebi ɗan jini da 'yan gashi, su auna nauyi, su mayar da ɗan su sauko, ba a kashe komai ba. Abin mamaki, a can kusa da ƙanƙarar ƙarshen duniya inda ba a noman auduga suna samun waɗannan sinadarai, har da sababbi irin na hana tukunya kamu da na kumfar kashe gobara. Zafi ke tayar da su daga ƙasashe irin namu da na masu masana'antu, iska ta ɗauka, sanyi ya sauke, su sake tashi, tsalle-tsalle kamar fara har su ƙare inda sanyi ya hana su motsi. An same su da yawa a nonon matan Inuwit na arewacin Kanada, waɗanda ba su taɓa riƙe famfon feshi ba.

Nono shi ne gwaiduwar ɗan Adam, kitsen uwa ne ke komawa ga jariri. Kada wata ta karanta wannan ta yaye ɗanta, likitoci sun yi ittifaƙi amfanin nono ya rinjayi wannan haɗari nesa ba kusa ba, gyaran a bola da laka yake. Amma hanyar ɗaya ce, kuma ɗan shirwa na nuna cikin mako bakwai abin da sai an yi shekaru kafin a gan shi a ɗan mutum. A ganina wannan aiki ne da ya dace da mu. Ga tsangayar likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga Jami'ar Jihar Kaduna, ga cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos. Sheƙa ashirin daga Malali zuwa Kudenda, a bi su duk rani, a tara ɓawon ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba da gashin da ya zuba, a rubuta shekara da wuri. Ratcliffe da ma'auni da tsohon ɓawo ya yi nasa.

Na karanta wa Goggo rabin wannan, tana tsintar shinkafa. Maganar Kalifoniya da Norwe ba ta dame ta ba. Da na zo kan ƙwan Akara sai ta dakata ta ce, "Tsaya, kana nufin tokar bolar bayan gida da kajina ke birgima a ciki?" Na ce ita fa. Washegari ta sa almajirinta ya toshe kafar katangar da kajin ke fita, ta kuma aika wa maƙwabta cewa a daina cinna wa leda wuta a jikin gidanta. Da hantsi shirwa ta zo wucewa, ta ɗauki murfin kwanonta ta bi ta da tsinuwa kamar kullum.